Watannin da Ake Rataye Fatsa

Mijina masunci ne, ko da yake shekaru goma sha bakwai na ƙarshen rayuwarsa a Madina ya yi su, garin da ko kogi babu. A Bur Sudan aka haife mu ni da shi, a unguwar Hausawa, jikokin mutanen da suka taso daga ƙasar Kano da niyyar hajji suka tsaya a bakin Bahar Maliya. Babansa da fatsa ya ciyar da iyali, kuma 'ya'yansa maza biyu suka gaji sana'ar, mijina da ƙanensa. Shekara uku da aurenmu wani mai jirgin kamun kifi a Yambu ya ɗauki mijina aiki, muka ƙetaro. Ƙanen ya zauna a tsallake. Tun daga lokacin teku ɗaya suke shiga, kowa ta gaɓarsa.

Da bayansa ya fara ciwo muka bar Yambu muka dawo Madina, muka kama gida a Ƙuba. Ya sami aiki a kasuwar kifi, yana kankarewa, yana fasa ciki, yana yankawa yadda mai saye ke so. Amma bai rabu da fatsarsa ba. Igiya ce mai kauri naɗe a jikin wani ɗan katako da hannu ya goge har yana sheƙi. Sau ɗaya ko biyu a wata yakan sa ta a jaka ya hau mota zuwa Yambu, ya fita da tsofaffin abokan aikinsa, ya dawo fuska a ƙone yana ƙorafin baya, ransa kuwa fari. Ni ban taɓa shiga kwale-kwale ba. 'Yar tudu yake kirana, tun muna amarya da ango har ranar da ya bar duniya.

Akwai wani kifi da ake kira najil, ja ne mai ɗigo-ɗigon shuɗi, yana zama cikin duwatsun murjani. Idan sanyi ya wuce ruwa ya fara ɗumi, sai su taru a wasu wurare da masunta suka sani, don zubar da ƙwai. A waɗannan watanni ko wanda bai iya fatsa ba zai cika kwale-kwale. Surukina, Allah ya jiƙansa, ba ya kama najil a lokacin. Yakan rataye fatsarsa a ƙusa har sai kifin ya watse, ya koma raga a bakin gaɓa ko dako a tashar jiragen ruwa. Babu wanda ya sa shi, kuma a zamaninsa babu doka. Haka 'ya'yansa suka tashi suka gani.

Bayan mun ƙetaro suka mai da abin alkawari a tsakaninsu. Da farko a kaset suke aiko wa juna magana ta hannun alhazai, daga baya waya ta samu. Ƙarami ne ke kira. Kafin ma sallama zai ce, "Yaya, na rataye." Mijina ya ce, "Ni ma na rataye." Sannan su gaisa, a tambayi iyali. Da ya ajiye waya sai ya ciro fatsar daga jaka ya rataye ta a ƙusar da ke bayan ƙofar ɗakinmu. Ni da wannan ƙusa nake gane lokaci. Ban taɓa lissafa watannin da kaina ba. In na ga fatsa a bayan ƙofa, na san najil ba zai shigo gidana ba sai ta sauka.

Wata rana na ce wa mijina, "Malam, ku biyu kacal a wannan tekun. In kun rataye, sauran fa?"

Ya ce ƙwan najil a saman ruwa yake yawo, igiyar ruwa ce ke kai shi inda ta ga dama. Wanda aka zubar a tsallake yana iya ƙyanƙyashewa a nan, na nan kuma ya tafi can. Ya ce wani mai bincike ya taɓa zuwa inda suke sauke kifi a Yambu, yana auna su da ma'auni yana rubutawa, ya yi musu bayani mai kama da wannan, shi kuwa a ransa ya ce babanmu da bai san ko alif na boko ba ya riga ka sani.

Daga baya a wannan gaɓar aka kafa doka, aka hana kama najil a watannin ƙwai. Ya ji daɗi, amma bai natsu ba. Duk lokacin da ya ji a rediyo ƙasashen da ke kewaye da tekun sun zauna a kan maganar kifi, sai ya ƙara murya ya hana kowa motsi. In an gama ya ce, "To Allah ya sa su rufe tare. Kifi ba shi da iƙama, takardar zama, ba wanda zai tare shi a iyaka. In an rufe nan can a buɗe, masuntan nan kawai aka wahalar." Sannan ya yi 'yar dariya ya ce shi da ƙanensa sun daɗe da sa hannu a tasu yarjejeniyar, ba su kama otal ba, ba su sha shayin kowa ba.

Ƙanen nasa abokin wasana ne. In sun gama magana sai ya ce a ba shi matar Yaya. "Ke har yanzu kina ƙona masa kifi? Ki sake shi ya dawo gida mu yi masa aure da wadda ta iya." In ce, "Kai da matarka ke ɓoye tulun gishiri in ta ga ka doshi madafa?" Mijina yana gefe yana girgiza kai, wai mun girma ba mu san mun girma ba.

Shekarar da yaƙi ya ɓarke a Sudan, mutane suka yi ta kwararowa Bur Sudan. Gidan ƙanen mijina ɗaki uku ne. Dangin matarsa suka zo, 'yar ƙanwarsu ta zo da 'ya'yanta, har da dangin nesa da bai taɓa gani ba. Lokacin ratayewa ya yi, waya ba ta zo ba. Mijina ya jira kwana huɗu. A na biyar, bayan la'asar, ya kira da kansa. Ina zaune ina tsintar shinkafa, ya buɗe muryar wayar yadda ya saba, don kunnensa ɗaya ba ya ji sosai.

"Na rataye," in ji mijina.

Kukan yara kawai muke ji daga can.

"Ka ji ni kuwa?"

"Na ji, Yaya. Ni bana ban rataye ba. Mutane sun cika min gida, har a tsakar gida ake kwana. In na fito da safe idanu ne ke bina. In na rataye in ba su me?"

"Akwai raga. Akwai ƙananan kifi a bakin gaɓa. Baba da me ya ciyar da mu?"

"Baba mu shida ya ciyar. Kuma ko na rataye, wa ya rataye? Jiya a kan dutsen nan kwale-kwale har gogar juna suke yi. Kai kana Madina ƙarƙashin mukayyif yana hura maka sanyi, burodi a ƙofar gida, za ka ce min raga."

Mijina ya kawo wayar kusa da bakinsa. Ya ce, "Ka ci amanar Baba. Kada ka sake kirana sai ranar da za ka ce min ka rataye." Ya kashe wayar.

Da na ga ya ɗan huce na ce, "Malam, yunwa ce fa." Ya ce ya sani. Shekara ta zagayo, ba kira. Shi kaɗai ya rataye fatsarsa, ya zauna a bakin gado yana kallonta. Bai taɓa ambaton ƙanensa ba, amma duk lokacin da ya ji wani zai koma Sudan, sai ya shigo da kwalin dabinon Khaibar da 'yan tufafi ya ajiye a gabana ya ce, "Ki ba masu tafiya." Ba ya cewa na wane ne, ni ma ba na tambaya. Ni kuwa ban yanke da ƙanen ba. Mukan aika wa juna saƙon murya jefi-jefi. Mijina ya sani, ya yi kamar bai sani ba. Abin da nake roƙon Allah a kullum shi ne kada ɗayansu ya riga ɗaya tafiya da wannan magana a tsakaninsu.

A ƙarshen wannan shekarar ciwon hanta ya kwantar da shi. Muka yi ta zarya asibiti. Wata rana ina kwashe kayan jakarsa don in zuba magunguna, na ci karo da fatsar. Ban san inda zan sa ta ba, sai na rataye ta a ƙusarta. Sanyi ake yi a lokacin. Ta zauna a nan wata biyar. Ni kuma daga asibiti sai ɗaki, labule a sauke, ban san sanda sanyin ya wuce ba.

Likitoci suka ce mu koma gida da shi. Ya daina cin abinci. 'Yarmu, wadda a nan aka haife ta, tana jin Hausa amma da Larabci take amsawa, ta yi masa shurba, wato romo, iri-iri, yana kurɓa ɗaya ya ture. Wata safiya ina shafa masa mai a ƙafa ya ce, kamar mai magana da kansa, "Da zan sami miyar weka da busasshen najil irin na Inna, da na sha." Weka busasshiyar kuɓewa ce, ina da ita. Kifin ne babu. Irin wanda ake tsagawa a cika da gishiri a shanya a iskar teku, kamar yadda mahaifiyarsu ke yi. 'Yarmu ta zaga kasuwa ta kawo busasshen kifi kala uku, ya shinshina ya kawar da kai.

Sai na tuna da ƙanen. A raina na ce ga hanya Allah ya kawo. In kifi ya fito daga hannunsa Malam ya ci, magana ta ƙare. Na aika masa saƙo na faɗa masa halin da ake ciki da abin da yayansa ke marmari. Bai amsa ba sai washegari. Ya ce, "An gama, matar Yaya. Ashe dai sai na sa hannu za ki iya ciyar da shi." Ya yi dariya, amma gajeriya ce. Da na sake saurara daga baya na ji yadda ta yanke. A lokacin ban lura ba.

Bayan kwana goma sha biyu wata maƙwabciyarsu da ta zo umra ta kira ni. Ta jirgin ruwa ta ƙetaro zuwa Jidda, ta iso Madina ziyara. Muka haɗu a harabar Masallaci da hantsi, ta miƙo min ƙulli a leda, an naɗe da jarida. Kifi biyu ne, an tsaga su an baje. Tun a mota nake jin ƙamshin gida.

A gidanmu kifi ba ya shiga tukunya sai Malam ya duba shi. Shekara talatin da ɗaya haka muke. Da na wuce madafa kai tsaye da wataƙila komai ya tafi yadda na tsara, amma ko tunanin haka ban yi ba. Na ɗora su a faranti na kai masa, na tallafe shi ya zauna. Ya shinshina. Fuskarsa ta saki, har na ga alamar murmushi. Sannan ya danna babban yatsa a gefen ƙashin bayan kifin, ya ɗaga yatsan ya duba. Ya juya shi ya kai kusa da ido, yana bin fatar cikin da farce. Ya nuna min wani ɗan wuri mai rawaya-rawaya inda aka kankare.

"Wannan bai yi sati biyu da fita ruwa ba," in ji shi. "Kuma da ƙwai aka kama shi. 'Yar tudu, wane lokaci muke ciki?"

Na waiga bayan ƙofa, kamar yadda na saba. Fatsar tana nan inda na rataye ta da hannuna tun cikin sanyi. A nan na gane abin da na yi.

"Wa ya aiko?"

Na ce, "Ƙanenka."

Ya tura farantin a hankali har bakin gado. "Ina kwance a nan ma sai da ya nuna min bai rataye ba," ya ce, ya juya fuska bango.

Na fita madafa na rufe ƙofa na kira ƙanen. Aka yi sa'a layi ya shiga. Ban gaishe shi ba. Na ce, "Kai ka san lokacin da ake ciki, ni ban sani ba. Don me ba ka faɗa min ba?"

"Ya gane ke nan?"

"Yaushe kifi ya taɓa ɓoye masa wani abu?"

Ya ce, "Matar Yaya, bana na rataye. Baƙin sun ragu, na ce ko raga za ta riƙe mu. Kwana shida da ratayewa saƙonki ya shigo. Kullum sai na ɗauki waya zan kira shi, in tuna abin da na faɗa masa, in ajiye. Na duba gidana babu busasshe, na tambayi unguwa babu, an cinye tun bara. Kin ce ba ya cin komai. In ce miki ki jira wata biyu? Zai kai wata biyun?"

Bai jira ni ba, ya ci gaba.

"Na sauke ta rana ɗaya. Biyu na kama, na juyo, kifi na cin ƙugiya na baro su. Tana kan ƙusa yanzu haka."

Na koma ɗaki na zauna a ƙasa kusa da gadon. Bayansa nake kallo. Na faɗa masa komai, tun daga ranar da na rataye fatsar har saƙon da na aika, da abin da ƙanensa ya ce, ban rage ba ban ƙara ba. Na ce, "Malam, in akwai wanda ya sauke fatsa bana, ni ce." Bai motsa ba. Na ɗauke farantin na fita.

Bayan azahar ya ƙwanƙwasa kofi a jikin gado, alamar yana kira. Ya ce, "Dafa ɗaya."

Na jiƙa kifin, na sake ruwa sau biyu, na cire ƙaya ɗaya bayan ɗaya, na kaɗa weka, na tuƙa ɗan tuwo mai laushi. 'Yarmu ta riƙe shi ni ina ba shi. Ya ci loma biyar. Na ƙirga su, don rabonsa da loma biyar an fi wata. Ya lashe leɓe ya ce, "Gishiri ya yi yawa. Tun yana yaro hannunsa ke da nauyi, Inna ta yi faɗa har ta gaji." Ya huta kaɗan, sannan ya ce, "Kira min shi."

Layi ya ƙi shiga. Muka gwada da wayata, muka gwada da ta 'yarmu. A waɗannan shekaru haka abin yake a can, sabis yakan ɗauke kwana da kwanaki. 'Yarmu ta ce ya yi saƙon murya, da sabis ya dawo zai shiga. Ta riƙe masa wayarsa kusa da baki. Maganar ba ta da tsawo. Ya ce, "Ni ne. Na ci kifinka, ka cika gishiri. Matata ta faɗa min. Ni ma na rataye." Ya numfasa. "Maganar da na faɗa maka na janye ta. Ka yafe ni."

Saƙon ya tsaya da 'yar alama guda ɗaya, wadda ke nuna bai isa ba. Kowace safiya bayan na goge masa fuska zai ce, "Ya shiga?" In ce tukuna. A rana ta uku 'yarmu ta ja ni gefe ta ce da Larabci, "Ummi, ki ce masa ya shiga, halas, shi ke nan. Me zai rage?" Na so in yi. Har na buɗe baki da ya tambaya. Amma na ɓata abu sau ɗaya a wannan maganar da nufin gyara, ban iya sakewa ba. Na ce, "Tukuna, Malam." Ya ce, "Zai shiga."

Ya rasu a rana ta huɗu da hantsi. Aka yi masa salla a Masallacin Annabi bayan la'asar, aka kai shi maƙabartar Baƙi'a. Na aika wa ƙanen saƙon rasuwar daga wayata, shi ma ya tsaya da alama ɗaya.

Kwana biyu da binne shi, mata sun cika ɗaki ana gaisuwa, sai wayar Malam ta yi ƙara a kan shiryayye inda na ajiye ta. Na ga lambar. Sabis ya dawo, saƙonni sun shigar masa gaba ɗaya, ya ga na yayansa a sama ya saurara, bai tsaya buɗe sauran ba. Na ɗauka na kai kunne. Kafin in yi magana ya ce, da ƙarfi, muryarsa kamar ta yaro, "Yaya, na rataye!"

Na ce, "Ni ce." Ya ce, "Matar Yaya, ba shi mana, ke kullum sai kin shiga tsakani." Sai na faɗa masa. Na ji wani abu ya faɗi a can, ko kujera ko kwano. Da ya iya magana abu ɗaya ya tambaya, ko Yaya ya san ya ji saƙon. Na ce a'a, amma ya ce zai shiga.

Kifi na biyun na dafa shi ranar da na fita takaba, muka ci ni da 'yarmu. Ta ce gishiri ya yi yawa, da Hausa ta faɗa.

Bara da ruwa ya fara ɗumi ƙanen ya kira wayata. Ya daina yi min wasan kifi, ni ma na daina yi masa na gishiri. Ya ce najil ya yi ƙaranci a kan dutsen nan, waɗanda ake samu ma ƙanana ne. Ya ce ya ji ana maganar gaɓoɓin biyu za su riƙa rufewa lokaci ɗaya, amma bai ga komai ba tukuna. Na ce Allah ya sa. Sannan ya ce, "Matar Yaya, na rataye."

Na dubi bayan ƙofa na ce, "Ta nan ma tana rataye."